Harbin Farko na Maƙeri Ne

Ranar da Kawu zai gwada bindiga ba ya tsayawa karin kumallo. Da an sallame sallar asuba sai ya shiga maƙera ya ɗauko ta a naɗe cikin tsohon buhu, ya miƙa wa babban yaronsa doguwar igiyar guga, ni kuma a ɗora mini tsohon kwanon sha da ya sha lotsa. Mu fita ta bayan gari, mu ratsa gonakin rogo, mu gangara wani kwazazzabo da ruwa ya ci ya bar gaɓa mai tsayin mutum biyu. Mai bindigar, wani maharbi da ya yi mako uku yana zarya, yana biye da mu yana ta surutu. Ina ɗan shekara 11 a lokacin, an kawo ni hutun makaranta ƙauyen su mahaifiyata a ƙasar Ruma, ƙauyen da in ka hau dutsen bayansa kana hango duhun dajin Rugu.

Aikin farko nawa ne. Sai in hau gaɓa in kori awaki, in leƙa ko akwai mata masu itace ko wani mai kewayawa, in dawo in ce ba kowa. Kawu ba ya yarda da "ba kowa" ɗin farko, sai ya sake tura ni. Sannan ya ɗura bindigar da hannunsa, ya ba ta abinci fiye da wanda za ta riƙa ci a hannun mai ita, ya ɗaure ta tamau a kututturen marke, bakinta na kallon gaɓa. Ya ƙulla igiya a kunama, ya ja ta har bayan wani falalen dutse, dukkanmu muka durƙusa. Ya yi bisimilla, ya fizga.

Ƙarar ta daki gaɓa ta dawo, kurciyoyi suka watse, farin hayaƙi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika kwarin. Maharbi ya zabura zai je, Kawu ya riƙe masa riga. "Tsaya, Sarkin Baka bai aiko ka mutuwa ba. Bari ta huce." Sau uku ana wannan. Bayan na uku ya kwance ta, ya zauna ya ɗora ta a cinya, ya bi ta da babban yatsa daga baki har gindi, yana neman kumburi ko baƙin hayaƙi a inda bai kamata hayaƙi ya fita ba. Ya kara ta a kunnensa na hagu, don na dama ya daɗe da toshewa, ya ƙwanƙwasa da awartaki. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi mai tsawo. Wanda ya tsage daga ciki kuwa sai ka ji shi kamar fasasshen tulu.

Sai da ya gamsu sannan ya ce in jingina kwanon a gindin gaɓa. Ya ƙirga taku, ya juyo, ya kafa gindin bindiga a kafaɗarsa, kuncinsa a jikin itacen. Wannan harbin na huɗu shi ne na farko da ɗan'adam ke riƙe da ita, kuma Kawu bai taɓa barin wani ya yi masa shi ba. Na ga kafaɗarsa ta ja baya kamar jaki ya shure shi, kwano ya yi tsalle. Sannan ya miƙa wa maharbi ya ce, "Bindiga baki biyu gare ta. Guda na kallon nama, guda na kallon mai ita. Na bayan nan shi na zo in ji, ka ga ni da yatsuna goma. Sai ka amshi abarka."

Maƙera da abin da ke cikinta

Kawu maƙerin baƙi ne, gado ya yi ba haye ba. Maƙeran fari su ne masu azurfa da tagulla, masu zobe da munduwa. Na baƙi su ne masu baƙin ƙarfe, kuma a ƙasar Batsari da Safana, inda kusan kowa manomi ne, su ke riƙe da abincin gari. Rumfarsa ba ta da wani abin kallo: uwar maƙera a kafe a ƙasa, zugazugi na fatar akuya, masaba, guduma, awartaki, magagari, madoshi, kaskon ruwan kashe ƙarfe, da tulin gawayin ƙirya, don gawayin ƙirya ne ke riƙe wuta yadda maƙeri ke so. Daga bazara zuwa tsakiyar damina aikinsa garma ne da fartanya da sungumi da ƙarfen shanun huɗa. Kaka ta yi, sai lauje da magirbi. Fulanin da ke kiwo a gefen Rugu su zo ranar kasuwa su sayi gatari da adda, su bar masa ƙwaryar nono. Bindiga aikin rani ce, lokacin da aka kawar da amfanin gona aka buɗe farauta, kuma a shekara ba ta fi ƙirga da yatsun hannu ba. Mafi yawanta ma gyara ne.

Bindigar da ake magana ita ce ta toka, wadda ake ɗurawa ta baki. Wasu na ce mata harbi-ruga, sunan da ya faɗi gaskiyarta, domin in ka harba sau ɗaya ka rasa, sai dai ƙafa ta cece ka kafin ka sake ɗuri. Ba aikin mutum ɗaya ba ce. Maƙeri na da ƙarfe da kunama, masassaƙi ya fitar da itacen gindi, baduku ya yi maratayi da jakar albarushi. Amma in ta yi ɓarna, ba wanda ke tambayar wa ya sassaƙa ko wa ya ɗinka. Sunan maƙeri ake kira.

Shi ya sa Kawu ya san hanyoyin fashewarta kamar yadda unguwarzoma ta san hanyoyin naƙuda. Akwai tsatsa, wadda ke cin ƙarfe daga ciki alhali waje na ƙyalli da man gyaɗa. Akwai zanzaro: mutum ya rataye bindiga a ɗaki damina guda, zanzaro ya shiga ya yi gininsa na laka a ciki, rani ya yi ya ɗauko bai zura komai ya duba ba. Akwai ɗuri kan ɗuri, wato mutum ya manta ya ɗura tun bara, ya ƙara wani a kai. Akwai mai zari, wanda ke ganin yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi. Akwai kuma mai wayon banza da zai kwance harsashin zamani ya juye garinsa a bindigar toka, abin da ƙarfenta ba ya iya ɗauka. Kusan kowane ƙauye a yankin yana da dattijo mai dungulmin hannu ko ido ɗaya da zai ba ka labarin ɗaya daga cikin waɗannan. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma maƙeri ya fi son kututturen marke ya fara sani kafin hannun mutum.

Daga ina ta zo

Sunan ma baƙo ne. Daga Larabci muka aro shi, kamar yadda muka aro albarushi da harsashi. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Waɗannan bindigogi ta bakin teku suka shigo, daga hannun Turawa masu fataucin bayi. Garin Bamingam na Ingila da garin Liyej na Beljiyam sun ƙera su da yawan gaske don kasuwar Afirka, da yawansu na arha ne, har aka san su da fashewa a hannu. Maƙeranmu sun fara da gyara, daga gyara suka kai ga kwaikwayo. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kai ga sa a ƙera masa igwa a cikin birnin Zindar, a kuma haɗa masa albarushi a gida.

Ƙasar Ruma ta san wannan zamani a jikinta. A ƙarni na 19 ita ce bakin iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, ta dajin nan mahara ke bullowa, kuma har yau sunan mayaƙin nan Ɗanwaire a haɗe yake da Ruma. Hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita, na Safana kuma Yariman Katsina. Amma yaƙin wancan lokaci na doki ne da mashi da baka, bindiga rakiya take yi. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Burasels cewa ba za a sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani ba, sai dai masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Da 1903 ta zo, aka ga amfanin wannan dabara: mahayan Kano da Sakkwato suka tarar da bindiga mai ruwa a gabansu.

Bayan an ajiye yaƙi, bindigar toka ta samu gidaje uku. Ta zauna a fada, inda 'yan bindiga ke buɗe hawan salla da ita, a kuma harba ta don sanar da ganin wata. Ta zauna a hannun maharba masu bin gada da barewa da zabin daji. Ta zauna a bukkar gona, inda ake korar birai daga masara da ita, sau da yawa ma albarushi kawai ake zubawa don ƙara. A cikin wannan zaman lafiya Kawu ya koyi sana'ar wurin mahaifinsa.

Gwaji na biyu

Akwai wani gwajin da ba a yin sa a kwazazzabo, kuma sai da na girma na gane shi. Baƙo ya shigo rumfa da abu a naɗe, Kawu zai amsa sallama, ya sa a ba shi ruwa, ya ci gaba da dukan ƙarfensa. Sai ya fara tambaya kamar mai hira. Daga wane gari? Ɗan wa? Wa ke Sarkin Baka a can yanzu? Mai unguwarku ya san ka taho? In amsar ta yi masa, sai a kwance buhu. In ba ta yi ba, sai ya ce gawayi ya ƙare, ko aiki ya yi masa yawa, a dawo bayan salla. Ba ya korar mutum, ba ya kuma taɓa masa ƙarfe.

Abu ɗaya ne na ga yana ƙi kai tsaye ba tare da kewaye-kewaye ba, wato gajera, irin wadda ake sokewa a ƙugu a saki riga a kai. Wani saurayi ya taɓa zuwa da kuɗi masu kauri yana son a rage masa tsawon tasa. Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, mi za ka harba da ita? Gada ba ta bari a matso ta taku biyar. Wagga da kake so, mutum take nema." Saurayin ya tattara kuɗinsa ya fita. Ba wata hukuma da ta sa Kawu yin haka. Gari ne ƙarami, kowa ya san aikin hannun kowa, kuma maƙeri na iya gane bugun masabarsa a jikin ƙarfe ko bayan shekara 20. Yana tsoron ranar da za a ajiye gawa a ƙofar mai gari, a ajiye bindiga a gefenta, a ce a kira maƙeri ya faɗi ta wace ce.

Da daji ya ɓaci

Abin da ya faru da yammacin Katsina sananne ne. Satar shanu ta zama fashi, fashi ya zama satar mutane don kuɗin fansa, ramuwar gayya ta shiga tsakani har aka daina tantance mai laifi da maras laifi. An kashe manoma a gonakinsu, an kuma kashe makiyayan da ba su san hawa ba balle sauka a hanyar kasuwa. Makaman da suka bazu a Sahel bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sun iso dajin Rugu ta iyakar da ba ta da ƙofa. Batsari da Safana na cikin ƙananan hukumomi 8 da ake kira na bakin daga, tare da Jibiya, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. An yi sulhu a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bai ɗore ba. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum kusan 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari a dare ɗaya. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyun. A cikin shekarar 2021 ɗin kuma Gwamna Masari ya fito fili ya ce mutane su nemi abin kare kansu.

Wanda ake cewa ya nemi makami, in talaka ne, maƙera zai nufa. Rumfar da take ganin bindiga ƙasa da goma a shekara sai ga ta da layi. Kowa na so a gama masa kafin faɗuwar rana, domin ba a san abin da dare zai kawo ba. Masu walda da masu gyaran babur, waɗanda ba su taɓa jan zuga ba, suka shigo sana'ar da bututun famfo da abin da ya samu. Sauri kan haifi nawa, a nan kuwa yatsu ya riƙa ci.

Abin da ya fi damun Kawu shi ne gwaji ya gagara. Kwazazzabon nan da nake korar awaki a cikinsa ya koma hanyar 'yan bindiga, ba mai zuwa can da asuba. A gwada a cikin gari kuma ba dama, domin ƙarar bindiga ɗaya yanzu na iya sa mata su suri yara su yi cikin gero, tsofaffi su faɗi a hanya, a wayi gari da karaya da ɓarin ciki saboda harbin da ba a yi wa kowa ba. In kuma jami'an tsaro na kusa, mai gwajin ne zai kwana a hannu. Sai ya zamana bindiga na barin hannun maƙeri ba ta sha harbi ko ɗaya ba, ranar gwajinta ita ce daren da aka shigo gari, a hannun mutumin da ke rawar jiki cikin duhu. Na san wani magidanci a ƙauyenmu da ya sayi irin wannan a wurin wani mai walda. Daren da ya buƙace ta, maharan ba su taɓa shi ba. Ita ta cire masa yatsu uku, kuma hannun daman manomi ne.

Gwajin mutum shi ma ya rushe. Garuruwa sun watse, baƙi sun cika ko'ina, wanda zai ce "na san ubansa" yana gudun hijira a Katsina ko Dutsin-ma. Mai neman bindiga zai ce ɗan sa-kai ne, wataƙila gaskiya ne, wataƙila kuma mai kai wa daji rahoto ne, ko mai shirin tare wani Bafulatani a hanya don tsohuwar gaba. Duk wannan wahala kuma a kan makamin da ke harbi ɗaya ya tsaya, a gaban AK-47 mai ɗaukar harsashi 30 a ɗuri guda. Amfanin harbi-ruga a irin wannan dare bai wuce ta tashi gari daga barci, ta kuma nuna wa mahara cewa akwai maza a farke ba. Wani lokaci hakan ya isa, wani lokaci kuma shi ke jawo a ƙone gari.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko su ne haramtattu ga farar hula sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a nan ƙananan bindigogin hannu suke tare da na soja. Na biyu su ne irin na farauta na zamani, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne masu ɗuri ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya ba da lasisinsu. Ƙira da gyara kuma ba a yin su sai da rubutaccen izini. Wato gajerar da Kawu ya ƙi yi, doka ma ta sa ta a sahun mafi tsanani, ko da yake shi bai taɓa karanta dokar ba. Sai dai kuma shi kansa, kamar yawancin maƙeran karkara, ya yi shekaru yana gyara ba tare da takarda ba, ba wanda ya tambaye shi lokacin da ake zaman lafiya. Yanzu da aka fi bukatarsa, shi ne ake iya kamawa a jera shi gaban 'yan jarida tare da masu safarar makaman daji.

Gwamnatin tarayya na da masana'antar ƙera makamanta a Kaduna tun 1964. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa kusan 1,500 a karon farko, aka ba su horo da kayan sarki da albashi. Wannan ya rage wa ƙauyuka nauyi. Amma bindigogin toka da ke rataye a ɗakunan Wagini da Runka da Zakka da Babban Duhu ba su ɓace ba, kuma babu wanda ya san wace ce lafiyayya a cikinsu.

Bindigar cikin waya

Kawu ya baro ƙauye, yanzu a cikin garin Batsari yake, a wata rumfar aro. Da na je gaishe shi bara, jikansa ya matso da waya yana nuna masa bidiyon wani Ba'amurke a filin koyon harbi, yana gwada wata ƙatuwar bindigar hannu mai suna Desert Eagle. Wani kamfanin Amurka ne ya fito da ita a farkon shekarun 1980, aka daɗe ana ƙera ta a Isra'ila. Faɗin bakin babbar cikinsu milimita 12.7 ne, nauyinta kusan kilo 2, tana cin harsashi 7, kuma iskar harbin da ya fita ita ke tofar da kwanson ta ɗura na gaba, mai ita jan kunama kawai yake yi. Yaron na ta murna da yadda wuta ke fita, hannun Baturen na tashi sama da kowane harbi.

Kawu ya sa aka maimaita masa sau uku, amma ba bindigar yake kallo ba. Ya nuna tudun ƙasar da aka tara a bayan allon da ake harbi, ya ce ga gaɓarsu nan. Ya nuna layin da 'yan kallo ke tsaye a bayansa. Ya tambayi abin da mutumin ya rufe kunnuwansa da shi, da aka gaya masa, sai ya shafa kunnensa na dama ya yi dariya ya ce da ya san da wannan da yanzu yana jin kiran salla ta ko'ina. Sannan ya juyo gare ni. "Kai ɗan boko, wa ya hwara harba ta kahin ta zo hannun wanga?"

Tambayar tana da amsa. A Ingila akwai gidan gwajin bindigogi a Bamingam da majalisa ta kafa da doka a 1813, akwai wani a Landan da ya girme shi. A Liyej an wajabta gwaji tun 1672. Kowace bindiga sai an kai ta can, a ɗura mata abin da ya fi wanda za ta riƙa ci, a harba ta a rufaffen wuri ba a hannun mutum ba, a duba ko ta kumbura ko ta tsage, sannan a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Sayar da wadda ba ta da hatimi laifi ne a Ingila har yau. Na faɗa masa haka. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe su ma igiya suke ja."

Bambancin kawai shi ne su hukuma ta ɗauki abin ta mai da shi doka, mu kuma muka bar shi a wuyan tsoho ɗaya da tsoron Allahnsa. Ba na cikin masu cewa a cika ƙauyuka da makamai, na ga abin da hakan ya haifar ta kowane ɓangare. Amma tunda doka da kanta ta yarda da bindigar toka in da lasisi, me zai hana a bi ta hannun hakimai da Sarakunan Maƙera a rubuta sunan kowane maƙeri, a ba shi alamar da zai riƙa bugawa, a ware wuri da rana a kowace gunduma, a yi shela a masallatai, a gwada a gaban 'yan sanda da mai unguwa? Maƙerin da ke da suna a littafi yana da hujjar ce wa baƙo a'a, wadda ta fi "gawayi ya ƙare" ƙarfi. Mai bututun famfo kuma kasuwarsa za ta mutu da kanta.

A 2025 al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana sun yi nasu sulhun da mutanen daji, wasu manoma sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba, kowa dai da zuciya biyu, domin an ga na 2019. Kawu ba ya sauraron rediyo sosai saboda kunne. Ma'auninsa shi ne abin da ake tambayarsa. Ya ce mini bazarar nan ya sayar da fartanya fiye da shekaru uku da suka wuce a haɗe, har Fulani biyu sun zo sayen gatari, ɗaya ɗan tsohon abokin cinikinsa ne.

A kusurwar rumfar akwai wani abu dogo a naɗe cikin buhu, igiyar guga a rataye a samansa. Ta wani maharbi ce da Kawu ya san ubansa da kakansa. An gyara kunamar tun wata uku da suka wuce, an biya kuɗin aiki. Duk ranar kasuwa mutumin sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, a ba ni haka nan, na yarda." Ina zaune ya zo. Kawu bai ɗago daga garmar da yake bugu ba, ya ce, "Kai ka yarda, ni ban yarda ba. Ba ta sha harbi ba tukuna." Ya ce wa yaro ya ƙara zuga.